Ƙafafu da Iska: Yadda Ake Tsara Motar Kafa Tarihin Gudu a Doron Ƙasa

Ranar 15 ga Oktoba, 1997, a wani busasshen tafki da ake kira Black Rock a jihar Nevada ta Amurka, wata mota ƙirar Birtaniya mai suna ThrustSSC ta yi gudun kilomita 1,228 a sa'a guda. Matuƙinta, Andy Green, hafsa ne a rundunar sojan saman Birtaniya. Ita ce mota ta farko da aka tabbatar a hukumance cewa ta zarce saurin sauti, kuma har yau babu wadda ta karya wannan tarihi. A irin wannan gudu, mota kan cinye kilomita ɗaya cikin ƙasa da daƙiƙa uku.

Da yawa za su ɗauka sirrin yana cikin inji. Sai dai tun shekarun 1960 masu wannan sana'a ke samun injinan jiragen yaƙi da aka daina aiki da su, masu ƙarfin da ya wuce buƙata. Abubuwa biyu ne suke hana masu ƙira barci: yadda motar za ta ratsa iska ba tare da iskar ta ɗaga ta ko ta karkatar da ita ba, da kuma inda za a dasa ƙafafunta. Waɗannan biyu kuwa a sarƙe suke. Duk inda aka sa ƙafa, an sauya hanyar da iska za ta bi. Duk siffar da aka ba gangar mota, an taƙaita wurin da ƙafa za ta zauna. Tarihin wannan gasa, daga 1898 zuwa yau, tarihin ciniki ne tsakanin ƙafa da iska.

Ƙa'idojin gasar

Hukumar wasannin motoci ta duniya, wato FIA, ita ce ke tabbatar da tarihin gudu. Sharuɗɗanta sanannu ne. Mota za ta taho da gudunta ta ratsa tazarar da aka auna, mil ɗaya ko kilomita ɗaya, sannan ta juyo ta sake ratsa ta daga ɗaya ɓangaren cikin sa'a guda. Matsakaicin gudun zuwa da dawowa shi ake rubutawa, domin kada iska ko gangare su taimaki wani. Haka kuma wajibi ne abin hawan ya kasance yana da ƙafafu aƙalla huɗu, biyu daga ciki suna karɓar umarnin sitiyari.

Gasar ta fara ne a Faransa. A watan Disambar 1898 Gaston de Chasseloup-Laubat ya yi gudun kilomita 63 a sa'a da mota mai aiki da batir. A watan Afrilun 1899 Camille Jenatzy, ɗan ƙasar Beljiyam, ya haura kilomita 100 da motarsa La Jamais Contente. An ƙera gangarta da tsini gaba da baya kamar harsashi, amma ƙafafunta da rabin jikin matuƙin duk suna waje, iska na dukansu. Wannan shi ne kuskuren da magadansa suka shafe shekaru suna gyarawa.

Iska na wahalar da mai kayan kara

Mai tafiya da ƙafa ba ya jin nauyin iska. Wanda ya miƙa tafin hannu ta tagar mota a kan babban titi shi ya san tana da ƙarfi. Wannan ƙarfi da ke tura abin hawa baya shi ake kira turjiyar iska, kuma ba ta ƙaruwa daidai da gudu, ninkuwa take yi. In aka ninka gudu sau biyu, turjiya ta ninku sau huɗu, ƙarfin injin da ake buƙata don a rinjaye ta kuwa ya ninku sau takwas.

A gudun kilomita 100, faifan katako mai faɗin murabba'in mita ɗaya da ke fuskantar iska yana shan turi kwatankwacin nauyin buhun siminti. A gudun kilomita 1,200, wato ninki 12, lissafi mafi sauƙi ya nuna turin ya ninku sau 144, ya kai kusan tan bakwai a kan wannan ɗan faifai.

Abubuwa uku mai ƙira ke iya taɓawa don rage turjiya. Na farko shi ne girman fuskar motar, wato faɗi da tsayin da ke karo da iska in an dube ta daga gaba. Na biyu shi ne siffa: jiki mai sulɓi da ke tsukewa a hankali zuwa wutsiya yana barin iska ta haɗe a bayansa lami lafiya, jiki mai kusurwa kuwa yana barin guguwa a baya wadda ke jan sa. Na uku shi ne kaurin iskar kanta, wanda ke raguwa a wuri mai tudu da lokacin zafi. Filin gishiri na Bonneville a jihar Utah, inda aka kafa tarihi da dama, yana sama da teku da kimanin mita 1,280, don haka iskarsa ta fi ta bakin teku sauƙin ratsawa.

Ƙafa a ciki, ko ƙafa a waje

Daga cikin sassan mota, ƙafa ce ta fi dagula iska. Tana da faɗi, tana juyawa, kuma samanta na tafiya gaba da ninkin gudun motar sau biyu, yayin da ƙasanta ke manne da turɓaya. Ƙafar da aka bari a fili tana haifar da guguwa mai yawa fiye da girmanta.

Hanya ta farko ita ce a rufe ƙafafu duka a cikin ganga. Reid Railton ya bi wannan hanya a motar da ya tsara wa John Cobb, wadda ta yi gudun kilomita 634 a Bonneville a 1947. Gangarta guda ce ta alminiyam, mai siffar ɗigon ruwa, da faɗi a gaba da tsukewa a baya. Domin ƙafafu su bi wannan siffa, sai ya buɗe na gaba sosai, ya matso da na baya kusa da juna. Ribar ita ce sulɓi. Hasarar kuwa ita ce ganga ta yi faɗi, fuskar da ke karo da iska ta ƙaru, kuma jiki mai faɗi da shimfiɗaɗɗen ciki yana iya zama fiffike.

Hanya ta biyu ita ce a tsuke gangar iyakar iyawa. 'Yan'uwa biyu, Bob da Bill Summers, sun jera injina huɗu ɗaya bayan ɗaya a motarsu Goldenrod, wadda tsawonta ya kusa mita 10 amma faɗinta bai wuce mita ɗaya da 'yan kai ba. A watan Nuwambar 1965 ta yi gudun kilomita 658, abin da ya zama tarihi a rukunin motocin da inji ke juya ƙafafunsu.

Hanya ta uku tana tsakiya: ganga siririya kamar alƙalami, ƙafafun gaba a matse cikin hancinta, na baya kuma a buɗe a waje bisa sanduna. Haka aka tsara Blue Flame, mota mai injin roka da ke ƙona iskar gas da aka mayar ruwa, irin wadda Najeriya ke fitarwa daga Bonny. Da ita Gary Gabelich ya haura kilomita 1,000 a sa'a a watan Oktobar 1970, karo na farko a tarihi. Yawancin motocin da aka tsara bayanta sun gaji wannan fasali.

Ƙafa uku da darasin Keke Napep

Me ya sa ba a matse ƙafafun duka, gaba da baya, tunda matsewa na rage turjiya? Amsar tana kan titunan Potiskum da Damaturu da Kano, inda Keke Napep ke zirga-zirga. Abin hawa yana tsayawa ne muddin cibiyar nauyinsa na cikin filin da ƙafafunsa suka kewaye. Mota mai ƙafa huɗu filinta mai kusurwa huɗu ne. Keke mai ƙafa ɗaya a gaba da biyu a baya filinsa mai kusurwa uku ne, yana tsukewa zuwa gaba. In matuƙi ya taka birki a cikin kwana, nauyi sai ya zube gaba da gefe, daidai inda babu ƙafar da za ta tare shi, ƙafar baya ɗaya ta ɗaga. In an loda kaya a rufi, cibiyar nauyi ta hau sama, kifewa ta ƙara sauƙi.

Motar kafa tarihi ba ta shan kwana, amma iskar gefe da rashin daidaiton ƙasa suna yi mata abin da kwana ke yi wa keke. Shi ya sa ake barin ƙafafu biyu a buɗe ko da za su ci ƙarfin inji. Kowane taƙi da aka ƙara a faɗi yana ƙara tsaro yana rage gudu, kowane taƙi da aka rage yana ƙara gudu yana kusanto da haɗari. Gaba kura, baya sayaki.

Batun ƙafa uku ya taɓa tayar da ƙura a gasar. A watan Agustan 1963 Craig Breedlove ya yi gudun kilomita 655 a Bonneville da Spirit of America, mai injin jirgin sama da ƙafa uku. FIA ta ƙi amincewa, domin ƙafafun ba su kai huɗu ba, kuma ba inji ne ke juya su ba. Hukumar wasannin babura ta duniya ce ta karɓi tarihin a rukunin masu ƙafa uku. Saboda haka lokacin da Donald Campbell ya yi gudun kilomita 648 a tafkin Eyre na Ostireliya a watan Yulin 1964, shi aka rubuta wa tarihin mota, alhali gudunsa bai kai na Breedlove ba. A ƙarshen shekarar 1964 aka sassauta doka, aka yarda da motocin da feshin inji ke turawa, amma sharaɗin ƙafa huɗu ya zauna. Daga nan masu ƙira suka koma haɗa ƙafafu biyu dab da juna a gefe guda: a idon doka huɗu ne, a wajen iska kuwa tamkar uku.

Tazarar da ke tsakanin ƙafafun gaba da na baya ita ma tana da tasiri. Doguwar tazara na sa mota ta yi jinkirin juyawa, ta ba matuƙi lokacin gyara. Wannan ne dalilin da motocin zamani na wannan gasa ke kai mita 13 zuwa 16 a tsawo.

Kibiya da wutsiya

Maharbin gargajiya ya san cewa kibiya na tafiya miƙe ne saboda ƙarfen kanta mai nauyi yana gaba, kyauro marar nauyi yana biye. In ta ɗan karkace a sama, iska na tura dogon kyauron ta mayar da shi bayan kai. Da za a harba ta da gindi a gaba, sai ta wuntsila.

Masana sun bayyana wannan da wurare biyu a jikin abin hawa. Akwai cibiyar nauyi, inda dukan nauyi ya taru. Akwai kuma matattarar turin iska, inda ƙarfin iskar da ke bugun gefe ya taru. Muddin cibiyar nauyi na gaba, matattarar turi na baya, mota za ta riƙa miƙe kanta da kanta. In suka sauya wuri, ƙaramar karkata sai ta girma har motar ta juya.

Matsalar ita ce siffar ɗigon ruwa, wadda ta fi kowace sulɓi, tana jawo matattarar turi gaba. Maganin shi ne tsayayyen fiffike a wutsiya. Motar Donald Campbell, Bluebird CN7, ba ta da shi lokacin da ta ƙwace masa a Bonneville a watan Satumbar 1960 tana gudun sama da kilomita 500. Ya tsira da rauni a ka. Da aka sake gina ta, sai aka ɗora mata dogon fiffike, da shi kuma ta kafa tarihin 1964.

Fiffiken ma yana da nasa sharri. In ya yi tsawo, iskar gefe na kama shi daga sama ta nemi kwantar da motar, sai a buƙaci ƙarin faɗi tsakanin ƙafafun baya. A watan Oktobar 1996, a Black Rock, iskar gefe ta bugi sabuwar motar Breedlove tana gudun sama da kilomita 1,000, ta kwanta a gefe ɗaya, ta yi wata doguwar kwana kafin ta tsaya. Ya fita da ransa. Ƙafafun da ke waje su ma suna shiga wannan lissafi: na baya suna aiki kamar ƙarin wutsiya, na gaba kuwa suna jawo matattarar turi gaba, wanda ya zama ƙarin dalilin ɓoye su a cikin hanci.

Tsakanin tashi sama da nutsewa a ƙasa

Jirgin fasinja na barin ƙasa yana gudun da bai kai kilomita 300 ba. Motar da ke ninka wannan sau huɗu tana da iskar da za ta ɗaga ta sau da yawa. In hanci ya ɗan ɗaga, iska ta shiga ƙarƙashi, ɗagawar sai ta ƙaru, cikin ƙiftawar ido motar ta wuntsila baya. Binciken da aka yi bayan Richard Noble ya kafa tarihin kilomita 1,019 da Thrust2 a watan Oktobar 1983 ya nuna cewa da ya ƙara gudu kaɗan, da gaban motar ya bar ƙasa.

Motocin tseren zagaye suna magance wannan da fikafikan da ke danne su a kan kwalta. A busasshen tafki wannan dabara ba ta yi, domin saman ƙasar ɓawo ne na busasshiyar laka. Danniya mai yawa za ta nutsar da ƙafafu, motar ta koma garma. Abin da ake nema shi ne nauyin da ke kan kowace ƙafa ya zauna kusan yadda yake, tun daga tashi har ƙololuwar gudu.

Kusa da saurin sauti, wanda ke wajen kilomita 1,235 a sa'a a matsakaicin yanayi kuma yake sauyawa da zafi ko sanyi, al'amarin na ƙara rikicewa. Iska ba ta samun sukunin kaucewa, sai ta dunƙule ta zama bango mai tsananin matsi a gaban hanci da gaban kowace ƙafa da ke waje. Jirgin sama yana da sarari ta ko'ina da wannan matsi zai watse. Mota kuwa tana da ƙasa dab da cikinta, matsin na bugun ƙasa ya dawo mata. Bangon kuma ba ya tsayawa wuri ɗaya, yana matsawa a jikin motar gwargwadon gudu, don haka ƙafar da ke ɗauke da nauyi yanzu tana iya yin sakayau bayan daƙiƙa biyu.

ThrustSSC: sitiyari a ƙafafun baya

Richard Noble ne ya jagoranci aikin ThrustSSC, Ron Ayers ya tsara siffarta, Glynne Bowsher ya tsara ƙafafu da ƙarafan ciki. Motar na da tsawon mita 16.5, faɗin mita 3.7, nauyi kuma sama da tan 10. Injinanta biyu ƙirar Rolls-Royce Spey ne, irin na jirgin yaƙi samfurin Phantom.

Ayers ya sa injinan biyu a gefe da gefe, can gaba, domin nauyi ya taru a gaba kamar kan kibiya. An saka ƙafafun gaba a cikin rumbunan injinan, abin da ya ba motar faɗi mai kyau ba tare da an bar ƙafa a fili ba. Sai dai a cikin rumbun babu sararin da ƙafa za ta juya dama ko hagu. Bowsher ya kawo shawarar da ta ba mutane mamaki: a mayar da sitiyari ƙafafun baya. Da yake wutsiyar siririya ce, ƙafafu biyu ba za su zauna kafaɗa da kafaɗa ba, sai aka gocar da su, ɗaya ta ɗan shige gaban ɗaya.

Masana da dama sun yi shakka, domin abin hawa mai juyawa da ƙafafun baya, kamar motar ɗaga kaya a ma'ajiya, ba ya natsuwa in ya yi gudu. An gwada dabarar a jikin wata ƙaramar mota samfurin Mini da aka yi wa kwaskwarima kafin a amince. Siffar gangar kuwa an tantance ta ta hanya biyu: lissafin kwamfuta a Jami'ar Swansea, da ƙaramin samfuri da aka ɗaura wa roka a kan dogo a Pendine da ke yankin Wales. Da sakamakon biyu ya dace, sai aka fara gini. An kuma sa na'urar da ke ɗaga bayan motar ko sauke shi yayin gudu, domin hanci ya zauna a kusurwar da ake so.

An fara gwaji a hamadar Jafr ta ƙasar Jodan kafin a wuce Black Rock. A can aka ga abin da lissafi bai gama hangowa ba. Kusa da saurin sauti motar na fizgewa hagu, abin da aka danganta da gocewar ƙafafun baya, har sai da Green ya riƙa murza sitiyari sosai zuwa dama. Matsin iska kuma yana farfasa ɓawon ƙasa ya mai da shi gari tun kafin ƙafafu su iso. Duk da haka tarihi ya kafu, shekara 50 da kwana ɗaya bayan Chuck Yeager ya zarce saurin sauti a jirgin sama. Motar na ajiye yanzu a gidan tarihin sufuri na birnin Coventry a Ingila.

Bloodhound da filin Afirka

Ayarin Noble da Green da Ayers ya dawo da sabuwar mota, Bloodhound, da burin kai mil 1,000, wato kilomita 1,609 a sa'a. A wannan karon sun bar sitiyarin baya. Ƙafafun gaba biyu suna matse a cikin ganga, su ke juyawa. Na baya suna waje a buɗe. Injin jirgin yaƙi samfurin EJ200 yana sama, an tanadi wurin roka a ƙarƙashinsa, sai babban fiffike a wutsiya.

Ƙafafunta ba su da tayar roba. Roba ba ta jure irin wannan juyi, kuma Art Arfons, ɗaya daga cikin gwanayen shekarun 1960, ya sha fashewar taya a tsakiyar gudu. Ƙafar Bloodhound curin alminiyam ce mai nauyin kilo 95 da faɗin kimanin santimita 90. An tsara ta ta yi juyi 10,200 a minti ɗaya, wato 170 a daƙiƙa. A wannan juyi, abu mai nauyin kilo ɗaya da ke bakin ƙafar zai ja kamar tan 50. Ƙafar ƙarfe na zamewa a kan gishiri mai tauri, amma tana ɗan kafa baki a busasshiyar laka, shi ya sa manyan motocin suka bar Bonneville. In gudu ya yi nisa, ƙafafun na tafiya bisa fuskar ƙasa kamar kwalekwale a ruwa, na gaba kuma suna juya motar ne da iskar da ke bugunsu fiye da riƙon da suka yi wa ƙasa.

Filin da aka zaɓa shi ne Hakskeen Pan, busasshen tafki a lardin Northern Cape na Afirka ta Kudu, kusa da iyakar Namibiya. Mutanen yankin sama da 300 sun tsince duwatsu kimanin tan 16,000 da hannu, domin tsakuwa ɗaya a irin wannan gudu harsashi ce. Ba shi ne karon farko da gasar ta zo nahiyar ba: a 1929 Malcolm Campbell, mahaifin Donald, ya gwada sa'arsa a Verneuk Pan da ke wannan lardi. Ranar 16 ga Nuwamba, 2019, Bloodhound ta kai kilomita 1,010 da injin jirgi kaɗai. Ƙarancin kuɗi ya dakatar da aikin kafin a ɗora roka.

A shekarar ce kuma aka ga abin da ƙafa ɗaya ke iya jawowa. Ranar 27 ga Agusta, 2019, Jessi Combs ta rasu a hamadar Alvord ta jihar Oregon. Binciken hukuma ya nuna ƙafar gaban motarta ce ta lalace, mai yiwuwa bayan ta bugi wani abu a filin. Daga baya aka tabbatar mata da tarihin gudu na mata, kilomita 841 a sa'a.

Abin da ya shafi Najeriya

Ba a yin wannan gasa a Najeriya, amma iliminta na aiki a hannun 'yan ƙasar. Jelani Aliyu, ɗan asalin Sakkwato, shi ya zana samfurin farko na Chevrolet Volt da kamfanin General Motors ya nuna a Detroit a 2007. Kafin motar ta shiga kasuwa a 2010, an sauya siffarta sosai bayan gwaji a ɗakin hura iska, domin mota mai batir tana ƙara nisan tafiya da duk turjiyar da aka rage. A 2017 aka naɗa shi shugaban hukumar tsara da bunƙasa ƙera motoci ta ƙasa. Haka kuma ɗaliban injiniya na Jami'ar Ahmadu Bello Zariya, da takwarorinsu na Legas da Benin, sun ƙera motoci don gasar Shell Eco-marathon, inda ake neman tafiya mafi nisa da mai mafi ƙanƙanta. Motocin da suka fi yin fice a wannan gasa a duniya galibi ƙafa uku gare su, biyu a gaba ɗaya a baya, duk a rufe cikin siffar ɗigon ruwa, kusan fasalin da Railton ya zana wa Cobb.

Dokokin nan kuma suna aiki kullum a kan hanyar Gadaka, a ƙaramar hukumar Fika, zuwa Potiskum. Motar haya da aka ɗora wa buhunan hatsi a rufi ta ƙara fuskar da ke karo da iska, don haka ta ƙara shan mai, ta kuma ɗaga cibiyar nauyinta. Wadda aka cika wa but har bayanta ya zauna ta mayar da nauyi baya, ƙafafun gaba sun yi sakayau, sitiyari ya rage kamu: kibiya ce aka harba da gindi. Tirelar da ta ɗauko shanu daga kasuwar Potiskum tana da dogon gefe da iskar hunturu ke samun wurin bugu, kuma ƙaramar motar da ke wuce ta tana jin fizga a lokacin da ta fita daga inuwarta. Bambancin gudun kilomita 100 da 140 a ido ƙarami ne, amma turin iska da ƙarfin karo duk sun kusa ninkuwa biyu.

Masu neman tarihi suna kashe shekaru da maƙudan kuɗi kafin su yanke shawarar inda ƙafa ɗaya za ta zauna, suna share fili da hannu, suna jiran iska ta kwanta kafin su kunna inji. Direban haya ba shi da ɗakin gwaji, amma abubuwan da ke hannunsa su ne dai waɗanda ke hannunsu: nauyi ya zauna ƙasa kuma tsakanin ƙafafu, taya ta kasance lafiyayya, gudu kuma ya dace da hanya da iskar ranar.